Abin da aikin majema ya koya min kan alam ɗin iska mai guba

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin jimar fata ya san warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa daga kwatami. Gas mai guba da ake kira H2S kenan, daga sinadarin salfaid da ake cire gashin fata da shi yake fitowa, musamman in ruwansa ya gamu da ruwa mai asid. Ya fi iska nauyi shi ya sa yake kwanciya a rami da ƙasan tanki, kuma abin tsoron shi ne in ya kai wajen ppm 100 (ppm ma'aunin yawan gas ne a cikin iska, kashi nawa cikin miliyan) hanci daina jinsa yake yi, sai mutum ya ɗauka warin ya tafi alhali lokacin ne yake cikin haɗari.

Da na fara aikin kula da lafiyar ma'aikata, na'urorinmu na alam masu gano gas ɗin a kan ppm 10 da 15 aka saita su, tsohon ma'auni. A 2010 ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar ma'aikata a Amurka ta sauke adadin da ta ba da shawara zuwa ppm 1 na aikin awa takwas, 5 na ɗan gajeren lokaci, saboda ƙananan adadin ma suna taɓa ido da hanyar numfashi. Ita kuwa hukumar OSHA ta gwamnatin Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta bar tata iyakar da ba a wucewa a 20. To ka ga wanda ya ce maka "muna bin ka'ida" dole ka tambaye shi ka'idar wa, ta wace shekara.

Amma fa canza lamba a takarda shi ne mai sauƙin. Muna sauke alam ɗin sai tsofaffin sensa, wato ɓangaren na'urar da ke jin gas ɗin, suka dinga kuka ba gaira ba dalili, don ba a ƙera su su karanta ƙasa-ƙasa haka daidai ba, kafin ka ce me yara sun fara kashewa suna jefawa a aljihu. Wani dattijo da ya daɗe yana yasar ramukan ya ce min, "Malam, abin nan in yana ihu kullum wa zai saurare shi ranar gaskiya?" Wallahi gaskiyarsa. Sai da aka sayo sensa da suka dace, aka zauna da kowa aka yi bayanin me ƙarar farko take nufi, me ta biyu take nufi, sannan aka dawo ana sawa.

Sai gwajin safe, wanda ni a wajena ya fi komai. Ka ɗaura ƴar hular roba a bakin na'urar, ka buɗe silindar gas ɗin gwaji, ka tsaya ka ga lamba ta hau, fitila ta yi ja, ta yi ƙara ta girgiza a hannunka. Minti ɗaya ne. Lokacin hunturu ƙura toshe matacin take yi, na'ura a kunne batir cike tana nuna sifili amma gas ba ya isa ga sensa ɗin ko kaɗan. Kuma a kwalar riga ake maƙala ta kusa da hanci, ba a bel ta baya ba.

Abin da har yanzu nake fama da shi da mutanenmu shi ne in wani ya faɗi a rami, ɗan'uwansa ba ya iya tsayawa, diro masa yake yi, haka ake rasa biyu uku maimakon ɗaya. Shi ya sa yanzu ba mai sauka sai an zura na'ura ƙasa an auna, iskar shaƙa (oksijin) ta kai kashi 19.5 cikin ɗari, igiya a jikinsa, mutum ɗaya a sama da ba shi da wani aiki sai kallonsa.