Godiya bayan jinyar ƙanwarmu, har ga likitan da bai san mu ba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo ƙanwarmu daga asibiti, tana gida wurin Inna. Tana taka ƙafarta, idon da ya dushe kuma ya fara washewa. A madadin gidanmu ina godiya ga duk wanda ya zo dubiya, ko ya bugo waya, ko ya aiko da abinci, ko ya sa hannu a kuɗin magani. Ba zan jero sunaye ba don kada in tsallake wani. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Da yawanku kun tambayi abin da ke damunta, wasu ma sun ce iska ce, wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki. Likitan ƙwaƙwalwa da ya dage sai an yi mata hoton MRI, aka kuma ɗebi ruwan bayanta, shi ya gano cutar MS ce, wato multiple sclerosis a Turance. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar wayar lantarki da robarta ta zube, sai saƙo ya kasa wucewa daidai. Ta fi kama mata, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40. Likita, kai da ma'aikatan jinyar da suka kwana a kanta, mun gode ƙwarai.

Akwai kuma wanda nake son ku taya mu yi wa godiya, ko da yake ba zai ga wannan rubutu ba: Farfesa Stephen Hauser na Jami'ar Kaliforniya da ke San Faransisko a Amurka. Ƙarin ruwan da aka yi mata, rituximab, asalinsa maganin wata sankarar jini ne. Shekara da shekaru masana sun ɗora laifin MS a kan ƙwayoyin garkuwar jiki nau'in T. Hauser da abokan aikinsa suka nace cewa nau'in B na da babban hannu a ɓarnar, a lokacin da kaɗan ne suka yarda da su. A 2008 suka fitar da sakamakon gwajin rituximab, wanda ke rage ƙwayoyin nau'in B, a kan mutum 104, aka ga sababbin tabon da ke fitowa a ƙwaƙwalwa sun ragu matuƙa. Bai tsaya nan ba. Shi ya jagoranci manyan gwaje-gwajen wani sabon magani irinsa mai suna ocrelizumab, wanda ya rage tashin ciwon da kusan rabi idan aka gwada shi da tsohon maganin interferon. A watan Maris na 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, ya zama na farko da aka yarda da shi ga masu nau'in cutar da ke ta ci gaba tun daga farawa ba tare da lafawa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haƙurin mutumin. Tun yana matashin likita a shekarun 1970 ya ɗauki wannan cuta guda ya riƙe, lokacin da babu abin kirki da za a iya yi wa mai ita. Da ya karaya da aka ƙi ra'ayinsa, ban san halin da yarinyar nan za ta kasance a ciki yau ba. A 2025 an ba shi babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough tare da Farfesa Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard, wanda bincikensa na 2022 a kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin MS sau 32. Sun cancanta. Allah ya ƙara musu lafiya da basira.

Ocrelizumab dai ya fi ƙarfin aljihunmu. Sauƙinta, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab cikin jerin muhimman magungunan MS, kuma ina roƙon hukumomin lafiyarmu su sa shi cikin inshora, don ko shi ɗin sai da dangi suka yi karo-karo.

Ba warkewa ta yi ba, lafawa ciwon ya yi, kuma bayan wata 6 za ta koma a sake yi mata ƙarin ruwan. Maganin na rage garkuwar jiki, saboda haka don Allah mai mura ko tari ya ɗan dakata da zuwa, ya gaishe ta ta waya. A ci gaba da sa ta a addu'a.