Auta da taswirar Busa

Yau kam Auta ta ƙure ni. Bayan la'asar ta zo da aikin gida na tarihi, wai a ina Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya mutu. Na ce Busa mana, 1806, jirginsa ya maƙale a duwatsun kogin Kwara ya nutse, har ina wani gyara zama irin na malamai. Sai ta fizgi wayata ta buɗe taswira tana ta ja da yatsa, can ta ce "Yaya to ai ba kogi a cikin garin, a rijiya ya faɗa?" Inna daga tsakar gida ta kwashe da dariya.

Na karɓa na duba, wallahi da gaskiyar yarinya. Sabuwar Busa ta samo, hedikwatar ƙaramar hukumar Borgu a jihar Neja. Ita tsohuwar ai a bakin kogi take, nan sarautar Bargu ta arewa ta zauna, nan ma wasu Turawa masu binciken kogin, su Lander wa da ƙani, suka bi a 1830 kafin su gangara har inda Kwara ta faɗa teku. To a 1964 aka fara ginin dam ɗin Kainji, 1968 aka gama, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 100, ya haɗiye Busa da ƙauyukan gaɓa da tsibirai, mutum sama da dubu 40 aka tayar aka gina musu sabbin matsugunai, hatta duwatsun da suka ci jirgin Baturen yanzu suna can ƙasa.

Ina ta zuba bayani ina jin daɗin kaina, sai ta ce "to kaburburansu fa, su ma an ɗauko?"

Na yi shiru. Ita ko a jikinta, ta rubuta Busa 1806 ta rufe littafi ta fice wasa.

Wanki ban yi ba. Kiran Baba ƙarami ma ban mayar ba, gobe in sha Allah.

Har bayan isha'i ina kan taswirar nan, shuɗi ne kawai shimfiɗe ba ko ɗigo, ina ta ƙara girmansa kamar zan hango bakin kasuwa ko mashigin da mata ke ɗiban ruwa. Tsohon da aka haifa can in jikansa ya ce kaka nuna min gidanku, sai dai su hau kwalekwale ya nuna ruwa da baki. Caji saura 4, kuma an ɗauke wuta tun magariba.