Injin da bai san hunturu ba

Gyaran rediyo da talabijin nake yi a Sabon Gari, nan Kano, ranar da wani dattijo, injiniyan asibiti da ya yi ritaya, ya miƙo min wani allon na'ura ya ce in duba. Na ga kafasita biyu sun kumbura, na canza, na tsaya ina jiran yabo. Sai ya ce, "Yaro, in ka ɓata talabijin, mai gida kallon ƙwallo kawai ya rasa. Wannan kuwa numfashin mutum ne a jikinsa." Daga ranar na koma ɗaukar masa jaka asibiti-asibiti. Allah Ya jiƙan Baba, bai taɓa yarda in rufe inji ba sai na auna shi a gabansa.

Yanzu mu shida ne a shago, kuma injin oksijin ne rabin aikinmu. Mutane na zaton ƙirƙirar iskar yake yi. A'a, tacewa yake. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, sauran kusan duk naitirojin. Injin na tura iska cikin wasu gwangwanaye biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin ɗin, abin da ya fito ya kai kashi 90 zuwa 95. To ziyolait ba ya shiri da danshi, kwamfiresa mai tura iskar ba ta shiri da ƙura, mu kuwa Allah Ya ba mu damina Ya ba mu hunturu. Na sha shiga ɗakin yara in tarar inji na ta gurnani, 'yar ƙwallon ma'auninsa na rawa, nas ta saki jiki. In ɗora na'urar awo, in ga ko rabi bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya gaza kashi 82. Da na ciro matatar ƙurar injin, sai ka rantse daga rumbu aka tono ta.

Laifin ba duka na kamfanonin waje ba ne, suna ƙera abu mai kyau. GeneXpert na kamfanin Cepheid a Amurka, wanda hukumar ta amince da shi a 2010, cikin awa biyu yake gano tarin fuka, har ya nuna ko ƙwayar ta bijire wa magani. Amma ɗakinsa bai kamata ya wuce digiri 30 ba. Wa ya gaya musu yadda Kano take a watan Afrilu? Mu ke haɗa masa sola da batir da na'urar sanyaya ɗaki. Ban da injinan kyauta masu wuta bolt 110 da ake sokawa a namu 230, ranar farko su yi hayaƙi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan jabu. Tun korona a 2020 kowane mai shigo da kaya ya zama likita. A rubuta lita bakwai a kwalin injin oksijin, amma ka wuce lita ɗaya oksijin ɗin ya zube.

Haka suke yi da fitilar shawarar jarirai, wadda mu da hannunmu muke ƙerawa. Shuɗin haske ne na musamman, mai tsawon zango tsakanin nanomita 460 da 490, shi ke narkar da sinadarin da ke sa jariri ya yi rawaya. Kowace fitila sai mun auna ƙarfinta kusurwa-kusurwa a kan katifar kafin ta bar shago, da batir da zai kai ta asuba. Wani kuwa ya sayo kwan ado mai shuɗi ya liƙa a katako. In na tuna Farfesa Hippolite Amadi, da ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023 kan na'urorin ceton jarirai, sai in ji ba a banza muke ba.

Makon jiya wani mai asibiti ya ce min, "Injiniya, an yi min tayin fitila a rabin kuɗinka." Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ta mu auna tare." Har yau shiru. Mai injin da ya yi hunturu biyu ba a buɗe shi ba, ya kawo, awo kyauta muke yi.