Duhun gefe

Laraba. Wuni guda a shago, ina kan hotunan bikin Asabar. Kawu ya zo tun hantsi, ya zauna a kujerarsa da rediyonsa.

Bayan azahar ango ya iso daga Idi-Araba karɓar aikinsa. Ya ji daɗin komai, har muka zo kan hoton da amarya ke tsakiyar dangi. Ya ce, "Malam, ka sa min duhun nan na gefe, irin na Instagram." Na buɗe Lightroom, manhajar gyaran hoto, na rage hasken kusurwoyin kaɗan, daidai yadda ido zai faɗa kan fuskarta ba tare da an lura ba. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya sake cewa in ƙara, har hoton ya koma kamar ana leƙe ta cikin bututu.

A gefen hagu akwai goggon amarya, hannunta a hanci tana rangaɗa guɗa. Tsohuwar da ta kwana a mota daga Funtuwa saboda wannan rana. Duhun ya haɗiye ta, sai ɗan farin mayafinta. Na nuna masa, ya ce ai ba ita ake aure ba. Kuɗinsa ne, na yi shiru, amma raina ya sosu.

Da ya fita Kawu ya rage muryar rediyo. Ya ce su ma sun yi wannan a ɗakin wanke hoto, ƙarƙashin jan ƙwan fitila. A can abin a juye yake, inda takarda ta fi shan haske nan ne ya fi baƙi. Sai ka tare tsakiya da tafin hannu ko kwali, ka bar gefuna su ƙara shan haske na 'yan daƙiƙu, hannun yana motsi kada layi ya fito. Kuma ba ka ganin abin da ka yi sai takardar ta shiga ruwan magani. Takarda na da tsada, shi ya sa kowa ke yi da taka-tsantsan. Ansel Adams, Ba'amurken nan mai hotunan duwatsun Yosemite, shi ma yana duhunta gefen hotunansa, amma a hankali ƙwarai, don kawai ido kada ya zame ya fita daga hoton.

"Ɗana," in ji Kawu, "in mai kallo ya gane ka taɓa gefe, ka riga ka ɓata."

Na ajiye gyaran farko, mai duhu kaɗan, daban. Zan tura wa amarya duka biyun, ta zaɓa da kanta.

Cunkoso daga Agege har Iyana-Ipaja. Tuwo da miyar kuka a gida, Ummi ba ta da lafiya, hanci na ta yoyo. Gobe akwai suna a Mile 12, ƙarfe bakwai, kuma ban yi cajin batir ba.