Miyar Kirfa a Kan Taliya: Kwana Uku a Sinsinati

Daga Kolumbus muka taso da hantsi, ni da Yaya da 'ya'yanta biyu, muka ɗauki babbar hanya mai lamba 71 zuwa Sinsinati da ke kudancin jihar Ohayo. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, gonakin masara ne dama da hagu har muka hango tsaunukan garin da kogin Ohayo, wanda da an tsallake shi an shiga jihar Kentaki. Gidan wata ƙawar Yaya muka sauka, 'yar Zinder, ta daɗe a garin.

Tun a hanya yaran ke ta zancen wani abinci wai shi cili. Na ɗauka miyar barkono ce mai tashin kai irin ta Teksas. Ashe sunan kawai suka haɗa.

Mai masaukinmu ta ce a gida za mu yi shi, don mu tabbatar naman yankan Musulmi ne. Da yamma ta ɗora tukunya, ta zuba ruwan sanyi, ta juye ɗanyen niƙaƙƙen naman sa a ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Hajiya, ba za a soya naman ba tukuna?"

"Zauna ƙanwata. Idan kika soya shi, wata miyar kika yi daban."

Ta sa cokali tana wargaza naman a cikin ruwan har ya zama tsaki-tsaki, babu dunƙule ko ɗaya. Sannan albasa da tafarnuwa da tumatirin gwangwani da garin barkono kaɗan suka bi, sai kirfa da kanumfari, da ɗan garin cakulan marar sukari. Ta rage wuta ta bar shi yana ɓararraka a hankali wajen awa uku. Kafin isha'i gidan ya ɗauki ƙamshi irin na shayin da ake dafawa da kayan ƙamshi a gida, har na ji kewar tsakar gidanmu ta kama ni. Da ya huce ta sa a firji ya kwana. Washegari maiƙon ya daskare a sama kamar faifai, ta kwashe shi tas.

Tana aiki tana ba ni tarihin abin. Baƙi ne suka kawo shi: Tom da John Kiradjieff, wa da ƙani daga Masedoniya, sun buɗe shagon Empress a 1922 suna zuba wannan miya a kan taliya da kayan ƙamshin ƙasarsu. A 1949 wani mutumin Girka, Nicholas Lambrinides, ya buɗe Skyline, a 1965 kuma 'yan gidan Daoud daga Jodan suka kafa Gold Star. A nan na gane dalilin da hancina bai ji baƙunta ba, ai kirfa da kanumfari kayan ɗakin girkinmu ne.

Zubawar ma da tsarinta, kuma da lamba ake kira. Taliya da miya kaɗai shi ne biyu. A tula gogaggen cuku ruwan ɗorawa a kai, ya zama uku. A ƙara ɗanyar albasa ko jan wake, huɗu, a haɗa duka biyun, biyar. Ni huɗu na zaɓa, mai albasa. Cukun ya yi tudu har ba a ganin taliyar, a gefe kuma ga wasu ƙananan biskit masu gishiri da ake jefawa su tsotse romon.

Na kama cokali mai yatsu zan naɗo taliyar, sai ƙaramin ɗan Yaya ya riƙe hannuna.

"Anti, ba a naɗewa. Yankawa ake yi da gefen cokalin."

Gaskiyarsa, don da yankan ne kowace loma ke zuwa da taliya da nama da cuku gaba ɗaya. Lomar farko ta ba ni mamaki, miyar ba kauri, ba zafin yaji, sai wani ɗan zaƙi-zaƙi na kirfa da ke biyo baya. A loma ta uku na daina kwatanta ta da miyar da na sani. Abu ɗaya na ƙara, yajin ƙuli da Yaya ba ta rabuwa da shi a jaka, kuma ya zauna daram.

Ranar komawa muka biya kasuwar Findlay na sayi kirfa da kanumfari, Hajiya kuma ta cika mana roba biyu da sauran miyar ta ɗaure a leda, ta ce kada mu dafa taliyar sai mun isa.