Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Fawa a Ajin Jinya

Wancan satin na yi alkawarin shiga maganar aurena. Ku yi haƙuri, auren zai jira, don tunda na ambaci mushen nan, wato malaminmu na makarantar jinya, raina bai kwanta ba.

Kun dai san gidanmu na unguwar Bagalam a Maradi gidan fawa ne kaka da kakanni. Tun ban shiga lakwal ba Baba yake ɗaga huhun rago ya hura ta maƙogwaro, in tsaya ina kallo yana kumbura. Sai ya kama yatsana ya bi da shi kan zobban guringuntsi ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya nuna mini ba su haɗe ta baya ba, saboda hanyar abinci tana manne a wurin. Yakan ce, "Abin da hannu ya taɓa, baki ba ya musunsa." Allah Ya jiƙan Baba, ko baƙi bai iya ba.

To ranar da mushen ya zana ƙirjin mutum a allo, a makarantar da na koyi jinya, daɗi ya kama ni. Maƙogwaro santimita 10 zuwa 12, zobba 16 zuwa 20, ya sauka ya rabu biyu. Huhun dama ɓari uku, na hagu biyu, don zuciya ta karkata can ta ci wuri. Rassan su yi ta rabuwa har su ƙare a 'yan jakunkunan iska sama da miliyan 300, inda jini ke karɓar iska mai kyau ya sauke gurɓatacciya. Na ɗaga hannu na ce a rago akwai wani reshe da ke fita dama tun maƙogwaro bai rabu ba, shin mutum ma haka yake? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Nan ba mahauta ba ce." Aji ya fashe da dariya. Har na gama, Sarkin Fawa ake kirana.

Amsar kuwa jimla ɗaya ce: rago da akuya suna da shi, yawancin mutane ba su da shi. Da kaina na tono ta a littafi. Me zai rage shi da ya faɗa?

Shekarun da na yi a ƙauyukan wajen Madarunfa ba abin ba da labari, allura ce da awon ciki. Sai dai maganar ɗan Yaya, lokacin bai cika shekara uku ba. Tari ya kama shi ya ƙi saki. Aka ce sanyi ne, aka ce hunturu, kakarsa ta wajen uba har ta aika a kira wanzami a cire masa beli. Na kai ziyara na sa abin saurare a bayansa: hagu iska na shiga sosai, dama da ƙyar. Na ce, "Yaya, ranar da abin ya fara, me yake ci?" Ta yi shiru, can ta ce gyaɗa suke ɓara, ya ƙware har ya shiɗe, ya dawo.

Reshen dama ya fi na hagu faɗi, ya fi shi miƙewa ƙasa, shi ya sa abin da ya kuɓuce wa ɗan murfin maƙogwaro yakan faɗa can. Wannan a aji na ji shi, ban hana mushen hakkinsa ba. Amma da na rufe ido, huhun da ke hannun Baba na gani. Abin da hannu ya taɓa ke nan. A Maradi kuwa, garin gyaɗa, har gobe ina faɗa da iyaye mata kan miƙa wa ɗan yaye ƙwayar gyaɗa.

Mijin Yaya ya ce ba ɗan fawa ne zai koya masa renon ɗa ba. Shi ma! Sai da Kawu ya sa baki aka kai yaron Yamai, aka zura bututu mai fitila aka ciro rabin ƙwayar gyaɗa daga dama. Yaron nan yanzu shi ke da shagon taya, 'ya'yansa huɗu. Ubansa kuwa har ya koma ga Allah bai ce mini sannu ba, kuma kuɗin motar Yamai daga aljihuna suka fita.