Tafiyata Daura da labarin fim a cikin leda

Ranar wata Laraba cikin sanyin nan da ya wuce na tashi tun kafin kiran assalatu, ba don komai ba sai don barci ya ƙi zuwa, na juya na juya har na haƙura na zauna bakin katifa ina ƙara duba takardun da na riga na duba ya fi sau goma. Shafi 186 ne, ni na buga su da hannuna a shagon kwamfutar da nake aiki wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kullum in mun tashi aiki sai in roƙi oga ya bar mani injin na rabin awa, haka na yi ta lallaɓawa har wata bakwai kafin na ida. Labari ne na wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ukku da gona, 'yan uwan mijin suka taso ta gaba a kan gadon. Na sa shi cikin leda biyu saboda ƙura, sannan na sa a jaka.

Hajiyarmu tana bisa darduma na je na durƙusa na ce mata zan tafi. Ba ta cika son harkar fim ba, wannan na sani, amma ta san rubutu nake ba rawa ba. Ta ce Allah ya sa alheri ne ya kira ka, ta ƙulla mani ƙuli-ƙuli da dabino, ta ƙara da cewa in ban samu yadda nake so ba kada in tsaya ina yi wa kowa magiya.

Yadda aka yi tafiyar ta taso, wani abokina da muka yi sakandare tare yanzu yana riƙe fitila a wajen masu shirya fim a Kano, shi ya kira ni ya ce sun zo Daura aiki na sati ɗaya kuma furodusan da kanshi yana nan, in ina son a gan ni ido da ido to ga dama. Ni kau dama na gaji da turawa ta WhatsApp, ka tura ka ga an buɗe shiru, ka sake gaisuwa shiru. Sau ɗaya na taɓa zuwa Kano takanas saboda wannan, na wuni ina hawa bene ina sauka a Zoo Road inda ofisoshinsu suke, kowa sai ya ce mai gidan ya fita lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ajiye za a ba shi. Ban ajiye ba.

Ƙarfe bakwai da rabi ina tasha. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai ka yi lissafi kafin ka fito, mutum biyu a gaba huɗu a baya, ni na samu baya gefen taga na rungume jakata a ƙirji. Katsina zuwa Daura ba wata tafiya ba ce, wajen kilomita 80, amma hazo ya sauka sosai ranar, direba yana tafe a hankali fitila kunne da safe. Gonaki duk an girbe sai karan dawa da gero an tara su bisa itace, shanu suna kiwo a sheƙarsu, yara da rigunan sanyi suna tafiya makaranta leɓe a fashe. A Mashi muka tsaya aka sauke wata tsohuwa da buhun wake, aka ɗauki wani dattijo mai rediyo, wanda tun da ya shigo har muka wuce Shargalle zancen tsadar taki yake. Ya dubi yadda na riƙe jaka ya ce samari takardun neman aiki ne? Na ce kusan haka ne Baba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, na amsa da ƙarfi don ina buƙatar addu'ar.

Daura ta Abdu tushen Hausa. Rabona da garin tun wata Sallar Gani ina yaro, yanzu na iske ya canza, tituna sun yi faɗi, gine-gine sababbi, ga zancen jami'ar sufuri a bakin kowa, ga kuma baƙi da har yanzu suke zuwa ziyara tun bayan da aka yi jana'izar Buhari a garin cikin watan Yuli na 2025. Na kira abokina ya ce Alhaji, wato furodusan, bai tashi ba don sun kai ƙarfe biyun dare suna aiki, in zo bayan azahar. Ban da wurin zuwa, sai na sha shayi da burodi wurin wani mai shayi kusa da tasha, na hau mashin na ce a kai ni Kusugu.

Rijiyar tana cikin ɗaki an gina an kewaye ta, ka cire takalmi ka shiga, sanyin wurin daban. Dattijon da na iske yana yi wa baƙi bayani bai ɗaga murya ba ko kaɗan, a tsaye yake hannu ɗaya bisa bakin rijiya yana ba da labarin da kowannenmu ya sani tun firamare, baƙo ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce babu, nan garin sai ranar Juma'a ake ɗiba saboda macijin da ake kira Sarki, ya ce ba ni guga. Wallahi da ya ce ba ni guga ɗin nan sai da tsikar jikina ta tashi, ga wasu 'yan makaranta mata da aka kawo duk sun yi tsit. Bai wuce minti biyar ba ya kai har auren Bayajidda da Daurama da haihuwar Bawo da yadda aka samu Hausa Bakwai. Aka jawo ruwa na sha na shafa a fuska, na fito ina maimaita maganar nan a raina ban san dalili ba.

Lokeshan ɗin wani gidan ƙasa ne a cikin gari mai zaure biyu, an ba su aro. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙarancin mutanen, ni a tunanina zan ga taro, ashe ba su kai ashirin ba, kamara ɗaya, janareta yana ƙara can bayan katanga an ja waya mai tsawo don kada ƙarar ta shiga, wani yaro ya ɗaga sandar makirfo har hannunshi na rawa, yaran unguwa sun cika ƙofa ana kora suna dawowa. Abokina ya zaunar da ni bisa benci kusa da mai kontiniti, wato mai lura da cewa kallabin da jaruma ta ɗaura a fitowar jiya shi ne a kanta yau, shi ke riƙe da takardun labarin, ya ce in yi shiru in kalla.

Fitowa ɗaya suka yi ta maimaitawa, uwar miji ce ta zo ta iske matar ɗanta ta haɗa kaya za ta yi yaji. Maganar da aka rubuta wa uwar mijin doguwa ce kamar wa'azi, dattijuwar da ke fitowa a matsayin ta yi sau huɗu tana sarƙewa, darakta ya ce kat ya dafe kai, ita kuma ta ce ita fa ba a magana haka a gidan Bahaushe. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba na ce wa mai kontiniti a hankali, da ni ne da ba za ta ce komai ba sai ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar ɗakin, ta ce tunda tafiya za ki yi bari in fara koyon aikin. Ya juyo ya dube ni, ya tashi ya je ya raɗa wa darakta. Darakta ya ce a kawo tsintsiya.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta maku abin da na ji ba. Matar nan ta duƙa da ƙyar irin na tsofaffi, ta share sau biyu, ta faɗi maganar ba ta ko kalli yarinyar ba, yarinyar ta saki jakar hannunta ta fashe da kuka, kuma na rantse kukan bai cikin takarda. Aka ce kat, wurin ya yi shiru kaɗan sannan aka ci gaba da aiki, ba wanda ya tambayi daga ina maganar ta fito. Ni kau ina bisa benci hannuna yana rawa, shekara shida ina rubutu a littafin makaranta da waya, ranar ce farko da na ji maganata a bakin wani mutum.

Sai bayan isha'i na samu ganin Alhaji, a tsakar gidan da suka sauka, yana bisa tabarma da kwanon tuwo gabanshi waya biyu suna ta ƙara. Na gaishe shi na miƙa takardun da hannu biyu. Bai karanta labarin ba, abin da ya yi shi ne ya ciro jan biro yana buɗe shafi yana duba kan kowace fitowa kawai, inda nake rubuta wuri da lokaci, yana yin alama yana ƙirgawa a fili. Da ya kai ƙarshe ya ce malam marubuci ka san wuri nawa ka rubuta? Na ce a'a ranka ya daɗe. Ya ce 41. Akwai kotu, akwai asibiti, akwai hawan sallah da dawakai, akwai ambaliya da ta ci gona, akwai fitowar dare 30 da wani abu. Ya ce kowace fitowar dare man janareta ce, kowane sabon wuri motar kwasar kaya ce da abincin mutum ashirin, ambaliyar nan kuma wa zai kawo mani ita?

Ya yi mani bayani ba da wulaƙanci ba, gaskiya. Ya ce zamanin da ake kai kaset da faifai kasuwar Ƙofar Wambai a kwashe a ba ka kuɗinka ya wuce, masu tura fim a waya sun kashe wannan kasuwar, yanzu ko dai tasha irin Arewa24 ta ɗauki aikinka ko ka zuba a YouTube kana jiran abin da talla za ta kawo, shi ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango, kuma mai dogon zango yana son gida biyu ko ukku da za a yi ta komawa, da ƙarshen kowane kashi da zai hana mutum barci har sati ya zagayo. Ya ce shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, abin da na kawo ya wuce awa ukku, ya yi wa fim ɗaya yawa ya yi wa zango kaɗan. Kuma in a Kano za a fitar sai ya bi ta hukumar tace fina-finai, wadda take nan tun 2001, don haka akwai fitowa biyu da ya ce in sake dubawa tun yanzu.

Daga nan ya zo inda nake tsoro. Ya ce in bar mashi takardun, zai ba ni wani abu in sa a aljihu, yaranshi su gyara. Kuɗin da ya faɗa bai kai albashina na wata biyu ba. Na ce to sunana fa Alhaji? Ya ce za a duba. Wannan za a duba ɗin ita ta tsaya mani a wuya, don na sha jin marubuta suna kukan sun ga labarinsu a allo an canza sunayen mutane kawai, ba takarda ba shaida, kuma ni a ganina ba daidai ba ne a ce mutumin da komai ya faro daga kanshi shi ne wanda ake mantawa in an zo rubuta suna. Ina son kuɗin, Allah ya sani, ko kuɗin motar komawa a lissafe yake. Amma na tuna maganar Hajiya. Na ce ya yi haƙuri ya ba ni wata ɗaya in je in mayar da shi yadda ya ce da hannuna, kashi 13, in ya yi mashi sai mu yi rubutacciyar yarjejeniya da shaidu da sunana a jiki. Ya yi dariya ya ce Katsinawa kunya gare ku ba dai tsoro ba. Sannan ya ce kai ne na tsintsiya ko? Ashe an gaya mashi. Ya karɓi wayata ya sa lambarshi da kanshi, ya ce in turo taƙaitaccen labarin shafi ɗaya da kashi na farko kawai, sauran in riƙe abina.

A ɗakin su abokina na kwana, mu shida bisa katifa biyu da tabarma, sanyi kamar me. Da safe mai kontiniti ya rako ni har bakin titi, ya ba ni wasu tsofaffin shafuka huɗu na aikin da suka gama don in ga yadda suke tsara nasu, ya ce in rage surutun mutanena, kowa a labarina ya cika bayani.

A motar dawowa gaba na samu. Na ciro takardun na aza bisa gwiwa ina bin jan biron Alhaji, kafin Mashi na cire hawan sallah, kotun na mayar da ita zauren mai unguwa, asibitin ya koma ɗakin matar da mai chemis ɗin unguwa. Ambaliyar ce na kasa taɓawa, don gonar kawuna ce ta gaske da ruwa ya ci ina aji biyar, sai wajen shigowa gari ta faɗo mani cewa ba sai an ga ruwan ba, babban yaron zai iya shigowa gida da asuba wandonshi jiƙe da laka har gwiwa, riƙe da zangarniyar gero guda ɗaya, uwar ta dube shi ta gane. Na rubuta a bayan shafi motar tana girgiza, rubutun duk ya karkace.

Na shiga gida Hajiya tana tankaɗe, ta ce sun saya? Na ce tukuna dai. Ta ce to je ka ci abinci, na ajiye maka ɗumame. Yau kwana 19 ke nan, wurare sun dawo 9, ina kashi na biyar, kuma oga ya ƙara mani lokacin injin ya zama awa guda.